Rabin Aji ko Aji Ɗaya? A Duba Yaron Kafin a Ɗinka Masa Yunifom

Duk shekara, daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba, cinikin Kasuwar Litinin ta Maiduguri yakan karkata wajen kayan makaranta. Rumfunan masu yadin yunifom da teloli da masu jakunkuna da sandal da littattafan rubutu sukan cika da masu saye, kuma cikin masu sayen har da 'yan kasuwar kansu, waɗanda iyalansu ke zaune a Shehuri da Gwange da Hausari da Lamisula da Bulabulin. A cikin waɗannan makonni ne ake yanke wani hukunci da ba kasafai ake ɗaukarsa da nauyi ba, wato ajin da za a sa ƙaramin yaro: nazare ɗaya ko biyu, rabin aji ko aji ɗaya na firamare. Galibi uba da mai makaranta ne ke gama maganar a tsaitsaye. Uban ya ce, “Malam, yaron nan yana da ƙoƙari, ya iya ABCD, yana ƙirga har ɗari, a sa shi gaba.” Mai makaranta kuwa ya san akwai wata makarantar kuɗin a layi na gaba da za ta karɓi yaron ba musu, don haka sai ya ce to, Alhaji. Da haka ɗan shekara huɗu ke samun kansa a kan bencin da aka tanadar wa ɗan shekara shida. Ra'ayina shi ne wannan gaggawa tana cutar da yaran da ake nufin taimakawa. Kada a sa yaro aji ɗaya sai ya cika shekara shida, kada kuma a bar shi ya wuce shidan yana gida. Shekarar da ke gabanta ta zama ta rabin aji na gaskiya. Abin da za a duba a gane yaro ya isa kuma shi ne yadda yake sarrafa kansa da harshensa da jikinsa, domin yawan abin da ya haddace ba ya nuna komai game da wannan.

Tsarin ƙasa ma a kan haka yake, sai dai kiyaye shi ne ya gagara. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC, ta sanya kula da ƙananan yara da iliminsu cikin ilimin tushe. Manufar ilimi ta ƙasa da aka sabunta a 2013 ta ƙara shekara ɗaya ta share fage ga ɗan shekara biyar kafin shekaru shida na firamare, ta ce firamare daga shekara shida take farawa, ta kuma ƙayyade yara 25 ga malami ɗaya a ajin share fage. Duk wanda ya bi wannan lissafi zai gama sakandare yana wajen shekara 18. Yanzu a ɗauki yaron da aka sa aji ɗaya yana da huɗu, sannan makarantarsa ta tura shi jarrabawar shiga sakandare daga aji biyar, kamar yadda makarantun kuɗi da yawa suka mayar al'ada. Shekara goma sha ɗaya zai yi a makaranta, ya fito yana da 15. A 2024 ƙasar nan ta yi ta muhawara a kan shekarun shiga jami'a, lokacin da ministan ilimi na wancan lokaci, Farfesa Tahir Mamman, ya tsaya a kan 18, kafin wanda ya gaje shi, Dokta Tunji Alausa, ya mayar da shi 16. Ko a kan 16 ɗin, yaronmu bai kai ba. Zai zauna gida ya jira hukumar JAMB, ko kuma iyayensa su je kotu su yi rantsuwar ƙara masa shekaru. Shekarar da aka ƙwace masa yana ƙarami, lokacin da kwanyarsa ke buƙatarta ƙwarai, ita ce zai biya yana saurayi ba ya aikin komai. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma a nan lissafi ne ya tabbatar da maganar.

To mene ne isa? Yaron da ya isa aji ɗaya zai iya rabuwa da mahaifiyarsa da safe ba tare da ya wuni yana kuka ba. Zai iya zuwa banɗaki ya tsarkake kansa, ko aƙalla ya buɗe baki ya ce yana jin fitsari a gaban baƙuwar fuska. Idan aka ce masa “ɗauko jakarka ka ajiye ta bayan ƙofa, sannan ka zo ka zauna,” zai riƙe saƙon duka ya aikata shi bi da bi. Yana iya jiran layi, yana iya haƙura idan wani ya riga shi ɗaukar abin wasa, yana iya sauraron tatsuniya har ƙarshe ya kuma ba da labarinta da bakinsa cikin harshen gidansu. Yatsunsa sun yi ƙwarin riƙe fensir ba tare da ya dunƙule shi a tafin hannu ba. Duk waɗannan suna zuwa ne da girman jiki da na kwanya, da wasa, da yawan hira da manya, kuma babu bulalar da ke gaggauta su. Hadda kuwa abu ce mai sauƙi ga ƙaramin yaro. Zai rera ƙirga daga ɗaya zuwa ɗari kamar yadda yake rera waƙar talla da ya ji a rediyo. A zuba masa dabino bakwai a faifai a ce ya ba ƙanwarsa uku ya faɗi nawa suka rage, a nan za a gane ko lambobin suna da ma'ana a wurinsa. Masu sayar da kayan marmari a kasuwar nan sun san ayabar da aka nunar da sinadarin kabaid: bayanta ya yi jawur, cikinta kuwa bai nuna ba, kuma ba ta daɗewa take lalacewa. Yaron da aka cusa wa hadda don ya ci jarrabawar shiga aji haka yake. A aji ɗaya da biyu zai burge, a aji uku da huɗu, inda ake buƙatar ya karanta ya fahimta, sai a fara cewa ya lalace.

Abin mamaki shi ne Borno ba ta buƙatar aron wannan hikima daga ko'ina. Ƙasar da Hausawa suka yi ƙarnoni suna tura 'ya'yansu cikinta neman Alƙur'ani, har “tafiya gabas” ta zama sunan neman karatu, tana da tsarin ɗaga ɗalibi da ya fi na makarantun kuɗinmu adalci ta wannan fuska. A tsangaya yaro yakan fara zama cikin 'yan uwansa yana jin ƙananan surori da ka, sannan a rubuta masa babbaƙu ya san haruffa, sannan farfaru ya san wasulla, kuma alaramma ba ya barin a wanke allo sai yaron ya biya abin da ke kai daidai. Kowane ɗalibi da allonsa da inda ya tsaya. Ba a taɓa jin uba ya zo ya ce a tsallake wa ɗansa babbaƙu domin ɗan maƙwabcinsa ya shiga izu biyu ba, kuma da ya faɗa, da alaramma ya yi masa nasiha. Tsangaya tana da matsalolinta, na bara da na rashin kulawa, kuma ba nan ne wurin tattauna su ba. Amma ƙa'idarta ta cewa malami ya dubi yaro ɗaya ɗaya kafin ya ƙara masa karatu ƙa'ida ce mai kyau. Addini ma ya san akwai lokacin wayo: hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya sanya shekara bakwai ce lokacin fara umartar yaro da salla. Ko hedimastocin da suka ɗebi yara lokacin shirin ilimin firamare kyauta na 1976, a garuruwan da babu takardar haihuwa, sukan sa yaro ya ɗora hannu bisa kansa ya taɓo kunnensa na ɗaya gefen. Gwaji ne na gargajiya mai kuskure, zan kuma dawo kan kuskurensa, amma yana nuna sun yarda akwai girman da ake jira.

Binciken masana na waje ya zo daidai da wannan, in aka karanta shi da kyau, domin sau da yawa rabinsa ake kawowa. Masu cewa a kai yara makaranta da wuri sukan ambaci gwajin Perry da aka yi a garin Ypsilanti na Amurka daga 1962 zuwa 1967, inda aka bi yara 123 'ya'yan talakawa har suka kai shekara 40, aka ga waɗanda suka shiga shirin sun fi gama sakandare, sun fi samun kuɗin shiga, ba su kai sauran shiga hannun hukuma ba. Gaskiya ne. Sai dai a tambayi abin da aka yi musu: awa biyu da rabi kacal da safe, malama ɗaya ga yara biyar ko shida, yaran suna zaɓar aikin da za su yi su aikata su dawo su ba da labarinsa, malamar kuma tana ziyartar gidajensu kowane mako. A Kingston ta ƙasar Jamaika, a tsakiyar shekarun 1980, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara 129 da suka tsumbure, ma'aikatan lafiya suna zuwa gidajen wasunsu mako-mako har shekara biyu suna koya wa iyaye mata yin wasa da hira da yaran. Bayan shekara ashirin aka tarar waɗanda aka yi wa haka suna samun kuɗi fiye da sauran da kashi 25 cikin ɗari. Babu allo, babu jinga, babu jarrabawa a cikin abin da ya kawo wannan riba. A ɗaya ɓangaren kuma akwai jihar Tennessee, inda masana na Jami'ar Vanderbilt suka bi yara kusan 3,000, suka wallafa a 2022 cewa waɗanda suka shiga ajin share fagen gwamnati sun fi 'yan uwansu a farko, amma zuwa aji shida sun koma bayansu a jarrabawa, an kuma fi hukunta su kan rashin ɗa'a. Ɗaya daga cikin masu binciken, Dale Farran, ta ɗora laifin a kan mayar da ajin ƙananan yara tamkar ƙaramar firamare, inda suke wuni a zaune suna sauraron malama.

Binciken da ya fi kusa da mu shi ne na Gana. A shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016 an gwada horar da malaman share fage a makarantu 240 na yankin Akara kan koyarwa ta hanyar wasa da barin tsawa da duka. Yaran sun ƙaru a karatu da lissafi da zamantakewa. Amma a makarantun da aka haɗa horon da tarukan wayar da kan iyaye, ribar ta ɓace, kuma bayanin da masu binciken suka fi karkata gare shi shi ne iyaye da yawa ba su gamsu da abin da suka gani ba, sun fi son jinga da horo mai tsanani. Wannan sakamako ya kamata ya tsaya mana a rai, domin yana nuna cewa matsin lambar iyaye masu ƙaunar 'ya'yansu na iya rushe aikin malama ta gari. Akwai kuma abin da ke samun ƙaramin cikin aji. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2018, kan yara sama da 400,000, ya gano cewa a jihohin da ake rufe ɗaukar yara ranar 1 ga Satumba, waɗanda aka haifa a Agusta, wato ƙananan aji, an fi cewa suna da cutar rashin natsuwa da sama da kashi 30 cikin ɗari a kan waɗanda aka haifa a Satumba. Tazarar wata goma sha ɗaya ce kawai ta sa ake ganin ƙuruciya kamar cuta. A ajinmu tazarar takan kai shekara biyu ko uku, kuma mu ba likita muke kai yaro ba. Dorina yake sha, a kira shi daƙiƙi, sunan ya bi shi har ya yarda da shi. Shi kuwa jinkirin ba ya rage komai: a Finlan sai yaro ya kai bakwai yake shiga firamare, bayan shekarar share fage da ta zama dole tun 2015, kuma binciken Sebastian Suggate a Niyu Zilan ya nuna waɗanda aka fara koya wa karatu suna da bakwai sun kamo waɗanda suka fara da biyar kafin su kai wajen shekara 11.

Wani zai ce, ai wannan maganar masu hali ce. Uba yana rumfa tun safe har magariba, uwa tana aikin asibiti ko koyarwa ko tana da nata ɗan teburin a bakin kasuwa, gidan haya ne ba kaka ba goggo, ina za a ajiye ɗan shekara uku? Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce wa irin wannan uwa ta zauna gida bai san halin da gari ke ciki ba. Yaro a hannun malama ya fi yaro a bakin kwata ko tsakanin Keke Napep. Ni ban ce kada a kai yara ƙanana makaranta ba. Abin da nake cewa shi ne buƙatar wurin ajiye yaro daban take da buƙatar ɗaga shi aji, kuma mun cakuɗa su. Ɗan shekara uku yana buƙatar inuwa da tabarma da ruwan sha da yashi da gwangwanaye da waƙa da tatsuniya da barcin rana da babba mai haƙuri da zai amsa tambayoyinsa. In an kai shi inda ake ba shi waɗannan, an yi daidai ko da ya shekara uku a wurin. In kuwa an kai shi inda za a jera su arba'in a ɗaki mai rufin kwano cikin zafin Afrilun Maiduguri, malama, wato Anti, tana riƙe da bulala suna kwafar haruffa daga allo, a kuma ba shi jingar da uwarsa ce za ta riƙe masa hannu ta rubuta da dare, to an saya masa ƙin makaranta da kuɗin ubansa.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ita ce ta fi dacewa da Borno. Za a ce, a jihar da dubban yara ba su taɓa shiga aji ba, wa ke da lokacin damuwa da waɗanda suka shiga da wuri? A Maris na 2014 gwamnatin jiha ta rufe makarantu saboda hare-haren Boko Haram, wasu makarantun cikin Maiduguri suka koma sansanonin 'yan gudun hijira, karatu bai dawo cikinsu ba sai bayan kusan shekara biyu. A Satumban 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, makarantu sun sake zama mafaka. Yaran da suka zo daga Bama da Gwoza da Marte da Dikwa da yawansu sun fara aji ɗaya suna da tara ko goma. Yarinyar da ta fara a makare kuwa, zance zai iya iske ta kafin ta gama firamare, shi ya sa wasu iyaye ke cewa gara a sa ta da wuri ta yi nisa kafin a fara maganar aure. Ban raina wannan tunani ba. Amsata ita ce shekara shida iyaka ce ta fuska biyu, kuma makara da gaggawa daga tushe ɗaya suke fitowa, wato ba wanda ya tsaya ya tabbatar da shekarun yaron ya kuma dubi halinsa. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kacal na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa, ya kuma nuna kashi 49 na yaran Arewa maso Gabas sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 37 ne. A haɗa waɗannan biyun a ga abin da ke faruwa: yaro ɗan bakwai mai ƙaramin jiki, ba takarda, hedimasta ya dube shi ya ce bai isa ba, a dawo baɗi. Nan ne gwajin taɓa kunne ke zaluntar ɗan talaka, domin wanda yunwa ta hana girma shi ne ya fi kowa buƙatar shiga makaranta a kan kari. Ɗan mai hali ana tura shi gaba da shekara biyu, ɗan gudun hijira ana mayar da shi baya da shekara biyu, sai su haɗu a benci ɗaya, ɗan huɗu da ɗan takwas, a ce wa malama ɗaya ta koyar da su tare. Wanda ya riga ya wuce shekara goma ba a mayar da shi rabin aji cikin ƙannensa. Akwai manhajar gaggauta ilimin tushe da hukumar NERDC ta tsara domin 'yan shekara 10 zuwa 18, ita ce tasa. Ita kuwa yarinya, abin da zai riƙe ta a makaranta shi ne ta iya karatu ta ji daɗinsa, iyayenta su ga amfaninsa. Wadda aka tura da wuri ta yi ta faɗuwa ita ce aka fi saurin cirewa.

Sai maganar Turanci, wadda ita ce ainihin abin da iyaye da yawa ke biya wa kuɗi. Uba yana so ya dawo daga kasuwa ɗansa ya gaishe shi da Turanci, kuma ba laifi ba ne, domin da Turanci ake jarrabawa da neman aiki. Amma a dubi nauyin da ke kan ɗan shekara huɗu a Maiduguri. A gida ana yi masa Barbarci ko Larabcin Shuwa ko Baburanci ko Margi ko Fulatanci, a layi da kasuwa Hausa, da yamma a Islamiyya Larabci, da safe kuma a ce ya koyi karatu da rubutu da lissafi cikin harshe na huɗu da ba ya ji a ko'ina sai bakin Anti. Yara suna iya ɗaukar harsuna da yawa da baki, wannan baiwa ce da Maiduguri ke da ita. Abin da ke da wuya shi ne a fara koyon haɗa harafi da sauti cikin harshen da ba a fahimta. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida, ana ba su Turanci a matsayin darasi a hannun ƙwararren malami, ba su gaza sauran ba ko a Turancin. Gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare a Nuwamban 2022, sannan a Nuwamban 2025 ministan ilimi ya sanar da janye ta. Ina ganin janyewar kuskure ce, amma ko wanda ya goyi bayanta dole ya yarda cewa idan da Turanci za a koyar a aji ɗaya, to yaro na buƙatar cikakkiyar shekarar rabin aji yana jin Turancin da baki, cikin waƙa da wasa, malama tana fassara masa da Hausa ko Barbarci, kafin a ɗora masa rubutu. Wato sabuwar manufar ƙara wa hujjar jira ƙarfi ta yi. Game da yaro mai baiwa ta musamman kuwa, akwai shi, amma bai kai yawan iyayen da ke ganin nasu ne ba. Ko shi ɗin, kaifin kwanyarsa bai sa mafitsararsa ko haƙurinsa sun girmi shekarunsa ba. A ba shi littattafai da tambayoyi masu wuya yana cikin tsararrakinsa; in ya kai aji uku har yanzu ya yi wa kowa nisa, a lokacin ana da shaidar da za a yanke hukunci a kanta.

Kuɗi ma yana cikin maganar, kuma bai kamata a ji kunyar faɗa ba. 'Yan Kasuwar Litinin sun ga gobarar 26 ga Fabrairun 2023 ta cinye dukiyarsu, ba su gama farfaɗowa ba ambaliyar 10 ga Satumban 2024 ta shiga rumfunansu. Mutumin da ya tashi daga jari sau biyu cikin shekara biyu, in ya ga hanyar rage kuɗin makaranta na shekara guda ta tsallake aji, ba za a zarge shi ba. Sai dai ya sa a lissafinsa kuɗin malamin lesin da zai ɗauka idan yaron ya fara tangal-tangal, da kuɗin maimaita aji, da na sake zana jarrabawar gama sakandare. Su ma masu makarantu, riba tana ja su ta gefe biyu: wani ya ɗaga yaro don kada uban ya kai shi wani wuri, wani kuma ya tsawaita matakan nazare ya ƙara da bikin yaye yara da riguna da huluna na haya, duk a aljihun iyaye. Jarrabawar shiga da ake yi wa ɗan shekara uku ko huɗu a ofishin hedimasta, a gaban mutumin da bai taɓa gani ba, ba ta auna komai sai rashin kunyar yaro a wannan safiya. Yaro mai kawaici, wanda aka yi wa tarbiyyar sunkuyar da kai a gaban manya kamar yadda gidajen Barebari da na Hausawa ke yi, shi ne zai faɗi.

Gyaran bai fi ƙarfin jiha ba. Ma'aikatar ilimi da hukumar SUBEB ta Borno su sanya rana ɗaya a shekara, a ce duk yaron da bai cika shida ba kafin wannan rana ba ya shiga aji ɗaya, a makarantar gwamnati ko ta kuɗi, kuma duk wanda ya cika ba a mayar da shi gida saboda ƙanƙantar jiki. Da dokar ta hau kan kowa, mai makaranta ba zai ji tsoron maƙwabcinsa zai ƙwace masa yaro ba. A maimakon jarrabawar ofis, a bar sabon yaro ya yi mako biyu a cikin aji malama tana lura da shi, sannan a zauna da iyaye, har da uwa, domin ita ta san ko yana jin kira daga nesa, ko yana matso da abu kusa da idonsa, ko yana yawan zazzaɓi. Yara da dama da ake cewa ba su da ƙoƙari kunne ne ko ido ko ƙarancin jini ke damunsu. Manyan makarantun da gwamnatocin Kashim Shettima da Babagana Zulum suka gina su zama kowace tana da rabin aji mai filin wasa, a kuma daina tura malamin da ya fi kowa rauni can. Akwai masu takardar NCE a fannin ilimin ƙananan yara, su ya kamata a ɗauka. Shirin ciyar da ɗalibai na tarayya da aka fara a 2016 an tsara shi ne ga aji ɗaya zuwa uku, ya bar 'yan rabin aji, waɗanda su ne yunwa ta fi yi wa illa. Duk shirin ciyarwar da za a yi nan gaba ya fara daga kansu. Tun da kuma ambaliya ta lalata takardun gidaje da yawa, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da shugabannin kasuwa za su iya ajiye teburin rajistar haihuwa a ƙofofin Kasuwar Litinin daga Agusta zuwa Satumba, inda uba zai zo da katin rigakafin yaro ko shaidar bulama, ya karɓi takardar da za ta nuna wa hedimasta ainihin shekarun ɗansa.